Ƙwararren haya ko takwara: wa zai gyara famfon Kaduna?

Hanya biyu ce a gaban hukumar ruwan Kaduna. Ta ɗauko ƙwararren haya ya zagaya matatar ruwa ta Malali, ya rubuta rahoto, a biya shi ya tafi. Akwai sauri, amma ilimin na binsa.

Ko ta ƙulla zumunci da takwararta irin NWSC, hukumar ruwa ta ƙasar Uganda, wadda ta daɗe tana horar da wasu hukumomin. Nan injiniya ke zama da injiniya. Sai dai abin na cin lokaci, kuma in babu ma'auni ya zama yawon buɗe ido. Ma'aunin kuwa shi ne: awa nawa famfo ke kawo ruwa a Tudun Wada? Ruwa nawa ke tsiyayewa ta fasassun bututu? Kuɗin bil nawa aka karɓo? Ni ga hanyar takwara na karkata, muddin za a riƙa wallafa alƙaluman.