Tsinken gwajin naitiret: ya kai a saya idan sokawe na kusa da rijiyarku

'Yar kwalbar roba ce mai murfi, cikinta fararen tsinkaye, kowanne da ɗan tabo mai laushi a baki. Kamar dai tsinken gwajin ciki da ake samu a kemis, sai dai wannan ruwan sha ake gwadawa da shi, a ga yawan naitiret, wani sinadari da ke shiga ruwa daga ƙazanta ko taki. A wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje a Kano na samo shi, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin haƙa sabuwar rijiya.

Abin da ya sa na neme shi, Yayana ne ya gina banɗakin zamani a gidanmu na ƙauye, a ƙasar Ringim. Aka yi tanki, aka yi sokawe, 'yan taku kaɗan daga rijiyar da gidan ke sha tun zamanin kakanmu. Da na yi magana, maginin ya ce, "Haba Malam, ai ƙasa tana tace komai." Yana da rabin gaskiya. Ƙasa tana tare ƙwayoyin cuta da yawa idan akwai tazara, amma naitiret ba ya jin wannan. Fitsari da bayan gida in sun kwanta a tanki suna sakin amoniya. Da ruwan ya tsiyaya cikin sokawe ya haɗu da iska, ƙananan halittun da ke cikin ƙasa su mayar da ita naitiret. Shi kuwa ba ya maƙalewa a jikin ƙasa, duk inda ruwa ya bi nan yake bi. A jigawa irin tamu, inda rairayi ne zalla, ba abin da zai tsayar da shi har ya isa idon rijiya, musamman da damina lokacin da ruwan ƙasa ya taso. Ga kuma turken dabbobi da takin yuriya na gonakin bayan gida suna ƙara nasu.

Aiki da tsinken ba wuya. Ka ɗebo ruwa a kofi mai tsabta, ka tsoma, ka cire, ka jira kamar minti guda, sai ka kara shi da launukan da ke jikin kwalbar. Nawa yana da matakai daga 10 zuwa 25, 50, 100, har 500, wato miligiram cikin lita ɗaya. Ruwan leda da na fara gwadawa bai ko motsa ba, fari fat. Na rijiyarmu kuwa, ina riƙe da shi tabon ya soma rinewa, ya yi ruwan hoda, ya tsaya tsakanin 50 da 100. Ruwan nan garau yake a ido, ba wari, ba ɗanɗano. Inna har cewa ta yi, "Kai dai da neman magana, ruwan da ya fi na kowa daɗi a unguwar nan?"

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 50 cikin lita ɗaya, haka ma ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya. Jarirai ne abin ji, waɗanda ba su kai wata shida ba, musamman masu shan madarar gwangwani da aka dama da ruwan rijiya. Sinadarin yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata, sai ka ga leɓe da farce sun yi shuɗi-shuɗi, numfashi yana wuya. Tun 1945 wani likita a jihar Iowa ta Amurka, Hunter Comly, ya danganta ciwon da ruwan rijiyoyin karkara. Tafasa ruwan ba magani ba ne, ƙara ƙarfin sinadarin ma yake yi tunda ruwa ne ke tashi a tururi. Alif da kulorin ma ba su da ta cewa a nan.

Inda na fi so mai saye ya buɗe ido shi ne wajen lambobin. Kwalaben iri biyu ne a kasuwa. Wasu suna auna naitiret ɗin gaba ɗaya, a kansu iyakar da ba a so ruwa ya wuce 50 ce. Wasu kuma, galibi na Amurka, naitirojin, wato wani ɓangare na naitiret ɗin, kawai suke aunawa, a kansu iyakar 10 ce. Mutum ya riƙe irin na biyun, ya ga 25, ya ce alhamdulillahi bai kai 50 ba, alhali ruwansa ya ninka iyaka fiye da sau biyu. Mai shagon bai ce min uffan a kan wannan ba, bayanin kuma da Turanci yake, rubutu ƙanana sai da tabarau. Wannan babban aibi ne ga kayan da mutanen karkara suka fi kowa buƙata.

Sauran aibobin ƙanana ne. Tsinken ba ya shiri da laima ko zafi, in ka bar murfin a buɗe cikin Agusta ka yi asarar sauran. A hasken ƙwan lantarki launukan suna rikita ido, gara a fito tsakar gida da rana. Kuma ba ya faɗin komai game da ƙwayoyin taifod ko kwalara, duk da cewa inda naitiret na sokawe ya samu hanya, bai kamata a saki jiki da su ba. Don haka in tabon ya rine, a kai ruwan ɗakin gwaji na hukumar ruwa ko na jami'a a tabbatar.

Mu dai mun daina dama wa jaririyar gidan komai da ruwan rijiyar, an bar shi ga wanki da wanke-wanke. Yaya ya yarda a tashi sokawen zuwa can ƙarshen fili, ta gangare, a ba shi mita 30 daga rijiya kamar yadda ma'aikatan tsabta ke shawarta, gindin ramin kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa. Wanda ke shirin gini a ƙauye, ya gwada rijiyarsa da ta maƙwabta kafin magini ya ja igiya, sannan ya sake gwadawa a tsakiyar damina.