Jan gam ko mai ruwan toka: duba bakin inji kafin ka biya kuɗin babur

In za ka sayi babur na hannu, kafin ka taɓa taya ko ka murza totur, tsuguna ka leƙa ƙarƙashin inji, daidai layin da ɓarin dama da na hagu suka haɗu. Dillali zai rantse maka ba a taɓa kwance shi ba. Gam ɗin hana yoyon mai da ya tsatso a layin nan shi zai gaya maka ko rantsuwar ta gaskiya ce.

Ni dai nawa mai ruwan toka ne, ThreeBond 1184 na Japan ko ɗan'uwansa Yamabond 4. Don haɗa ƙarfe da ƙarfe aka yi shi. Ba ya bushewa ƙam, yana zama da ɗan danƙo, ga shi baƙin mai da fetur ba sa cinye shi. Siriri ake shafa shi, shi ya sa abin da ke fitowa waje bai wuce kaurin zaren ɗinki ba, kuma a miƙe yake tun daga farko har ƙarshe. In ka ga haka, ko dai aikin kamfani ne ko na bakaniken da ya san hannunsa, kuma duk biyun ban da ja da su. Kwance inji ai ba laifi ba ne.

Loctite 518 yana da kyau, ba ya kamawa sai inda iska ba ta shiga, amma ga tsada ga wuyar samu a ƙauye. Shalak mai ruwan ƙasa kuwa tsohon yayi ne, ranar kankare shi za ka gane kurenka.

Sai jan silikon, mai warin tsami in an matso shi, wanda ya taɓa ƙona ni. Na sayi wani babur ranar kasuwa, injin fes kamar an wanke da madara. Ban cika wata biyu ba ya ƙame mini a hanyar Kura, da kwandon tumatir biyu a baya. Da bakanike ya zaro rariyar mai, sai ya ɗora mini ita a tafin hannu, ta toshe da jajayen zaruruwa kamar taliyar da ta kwana. Ya ce, "Malam, duk abin da ka ga ya tsatso a waje, kamarsa ya tsatso a ciki." Gutsattsarin ne suka hana mai hawa sama. Ashe ma injin irin mai fakin takarda ne a tsakiya, wato 'yar shimfiɗar da ake sawa tsakanin ɓarin biyu, aka cire fakin aka cika da silikon, ɓarin biyu suka matse fiye da kima.

Masu wannan aiki sun iya ɓoye sawu. Suna fesa fenti ruwan azurfa har kan kusoshi, don haka kankara da farce ka ga launin da ke ƙasa. Dubi kan kusoshin: in sifana ta cinye gefensu, ko ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa, an shiga ciki. Tabon sukundireba a bakin layin yana nufin da ƙarfin tsiya aka ɓamɓare shi, kuma wurin zai riƙa yoyo. Ƙullutun da ya yi tauri kamar dutse a gefen inji, tsagewa ce aka liƙe. Taɓa injin da bayan hannu da zarar ka iso. In da ɗumi, an tayar da shi ne kafin ka zo don kada ka ji ƙarar da yake yi da sanyi. Wasu har mai mai kauri suke zubawa ya danne hayaƙi. Kada ka manta ka haɗa lambar inji da ta takarda.

Shi kansa mai ruwan tokan akwai jabu. In ka matsa ka ga ruwa-ruwa ya riga fitowa, ko rubutun jikin bututun yana gogewa da yatsa, ajiye musu kayansu. Ni in zan saya, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ne, da bakanikena nake tafiya, kuma a gaban mai shagon muke huda bakin bututun.