Ƙamus ɗin Longdo da Kalmomin Zamani a Turanci da Harshen Tai

Longdo ƙamus ne na intanet wanda aka buɗe a farkon shekarun 2000, kamfanin Metamedia Technology da ke Bankok, babban birnin Tailan, yake gudanar da shi, kuma da wuya a sami mai karatun harshen Tai wanda bai taɓa bi ta kansa ba. Kyauta ake amfani da shi, ana buɗe shi a kwamfuta, yana kuma da manhajar waya. Tsarinsa shi ne ya tattara ƙamusoshi da dama wuri guda, ta yadda idan mutum ya rubuta kalma ɗaya zai ga amsar Lexitron na NECTEC, cibiyar binciken fasahar kwamfuta ta Tailan, da ta ƙamus ɗin Hope, da ta Nontri, da ta Volubilis wanda ya haɗa Tai da Turanci da Faransanci, sannan da jerin kalmomin fannu waɗanda Majalisar Masana ta Masarautar Tailan ta ƙirƙira ta kuma amince da su. Na auna shi a kan abu guda mai wahala, wato kalmomin da ake kiran zamunna da su, na tarihin mutane da na tarihin ƙasa da duwatsunta, domin a irin wannan wuri ne ake gane ƙamus mai zurfi da wanda yake jera kalmomi kawai.

Wahalar ta fara ne daga Turancin kansa. A bakin talaka, era da period da epoch da age kusan duk abu ɗaya suke nufi, wani dogon lokaci da aka san shi da wata alama. A wurin masana duwatsu kuwa kowace tana da matsayinta a kan tsani, kuma ba a musanya su. Mafi girma ita ce eon, kamar Phanerozoic da ya fara kimanin shekara miliyan 539 da suka wuce kuma har yau muna cikinsa. Ƙarƙashinsa akwai era, kamar Mesozoic wanda ya kama daga shekara miliyan 252 zuwa miliyan 66 da suka wuce. Daga nan sai period, kamar Jurassic da Cretaceous, sai epoch, kamar Pleistocene da ya fara shekara miliyan 2.58 baya ya ƙare shekara 11,700 da suka shige, sai age a ƙasa. Babu abin da ke jikin waɗannan kalmomi da zai nuna wa mai koyo wace ta fi wace girma, sai dai ya haddace.

Harshen Tai yana da kalmomi biyu na yau da kullum a wannan fage, yuk da samai, dukkansu aro ne daga Sanskirit da Pali, tsofaffin harsunan Indiya, inda ake da yuga da samaya. Ana ma haɗa su a ce yuk samai idan ana nufin zamani gaba ɗaya. Saboda haka mai neman era a Longdo zai tarar da yuk da samai a sahun farko, idan ya nemi epoch zai sake tarar da su, haka ma idan ya nemi period ko age. Ƙamusoshin gama-gari ba su yi kuskure ba, domin haka mutane suke magana. Amma ɗalibin da ke fassara takardar ilimin duwatsu, idan ya tsaya a saman shafin, zai fito da jimlar da ta mayar da Mesozoic da Jurassic matsayi ɗaya, alhali ɗaya yana cikin ɗaya ne.

Amsar da yake nema tana nan a shafin, sai ya gangara zuwa sashen kalmomin Majalisar Masana, kuma wannan sashe shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin Longdo ya fi sauran ƙamusoshin kyauta amfani a wannan fanni. A can ne ake samun tsanin da masanan Tailan suka gina: eon shi ne borommayuk, era shi ne mahayuk, period shi ne yuk, epoch shi ne samai, age kuma chuang ayu. A rubutun Tai ana rubuta su บรมยุค da มหายุค da ยุค da สมัย da ช่วงอายุ. Aikin yana da kyau ƙwarai, domin maha na nufin babba, borom kuma mafi ɗaukaka, don haka ɗan makarantar da ya ji mahayuk ya riga ya san cewa ya fi yuk girma tun kafin malami ya bayyana masa. Sun bi wannan hanya har zuwa sunayen duwatsun da suka taru a kowane zamani, inda suka ɗora kalmar hin, wato dutse, a gaba, aka sami hin yuk da hin samai a madadin system da series na Turanci. Sunayen zamunnan kansu ba su fassara su ba, sun rubuta su da haruffan Tai yadda suke fita a baki, saboda haka Mesozoic ya zama mahayuk da sunansa a biye, Jurassic ya zama yuk da sunansa a biye.

Abin da ya ƙara wa wannan sashe daraja shi ne kowace kalma tana ɗauke da alamar fannin da ta fito da kwanan watan jerin. Kalma guda ta Turanci tana iya samun fassara dabam a fannin duwatsu, wata dabam a fannin likitanci ko lissafi, kuma alamar ce take raba gardama. Kalmomin duwatsu suna ɗauke da shekarar 2546 ta ƙidayar Buda, wadda ta yi daidai da 2003. Wannan kwanan wata gargaɗi ne mai amfani ga wanda ya lura da shi, domin jadawalin zamunnan ƙasa ya motsa tun daga lokacin. A 2004 aka tabbatar da Ediacaran a matsayin sabon period. A 2009 aka janye farkon Pleistocene daga kimanin shekara miliyan 1.8 zuwa miliyan 2.58. A 2018 aka raba Holocene, wato epoch ɗin da muke ciki, kashi uku, na ƙarshensu Meghalayan wanda ya fara shekara 4,200 da suka wuce. A 2024 kuma masana suka ƙi amincewa da Anthropocene, wato zamanin tasirin ɗan Adam a kan ƙasa, a matsayin epoch na hukuma, ko da yake kalmar tana nan tana yawo a jaridu. Tsofaffin rubuce-rubuce a kan ma'adinan Tailan, kamar na kwal ɗin Mae Moh a lardin Lampang, suna cike da Tertiary, sunan da jadawalin duniya ya maye gurbinsa da Paleogene da Neogene. Ƙamus zai ba mutum kalmar, amma iyakar zamanin da matsayinsa na yanzu sai a jadawalin hukumar duniya mai kula da wannan aiki.

Wanda yake so ya ga amfanin wannan tsani a zahiri, ya ɗauki kowane bayani a kan dabbobin dā na arewa maso gabashin Tailan. An tsinci ƙashin dainoso na farko a ƙasar a 1976 a Phu Wiang da ke lardin Khon Kaen, kuma a 1994 aka raɗa wa Phuwiangosaurus sirindhornae suna don girmama Gimbiya Sirindhorn, wadda gidan adana ƙasusuwan da ke lardin Kalasin ma yake ɗauke da sunanta. Wannan dabba ta rayu a farkon Cretaceous, don haka bayanin Tai zai kira zamaninta da yuk, ya sanya shi cikin mahayuk na Mesozoic. Da kalmomi biyun nan a hannu, mai karatu zai bi sakin layi guda ba tare da ya ɓace ba.

A ɓangaren tarihin mutane ƙa'idar ta sassauta, kuma a nan misalan jimloli da Longdo yake kawowa suna taimakawa fiye da fassarar kalma ɗaya. Zamunnan da ake kira da sunan babban birni yawanci samai ake ce musu: samai Sukhothai, samai Ayutthaya daga 1351 zuwa 1767, samai Thonburi na shekara 15 kacal zuwa 1782, da samai Rattanakosin wanda ya fara a 1782 kuma yake ci gaba. Zamunnan da ake kira da sunan abin da mutane suka sarrafa sun fi karkata ga yuk, kamar yuk hin na dutse, da yuk samrit na tagulla wanda ake danganta tukwane da kayan ƙarfen da aka tono a ƙauyen Ban Chiang da shi, da yuk lek na baƙin ƙarfe. Zamanin ƙanƙara ma yuk nam khaeng ake ce masa, duk da cewa Pleistocene da ake yawan nufi da shi samai ne a tsanin masana. Akwai kuma ratchakan, wato mulkin sarki guda, wanda mutanen Tailan suke auna tarihinsu na kusa da shi, har su ce abu ya faru a ratchakan na biyar suna nufin zamanin Sarki Chulalongkorn, daga 1868 zuwa 1910. Misalan da aka ɗebo daga fassarar maganganun finafinai suna nuna yadda kalmomin suke zama a jimlar yau da kullum, amma masu fassara dabam-dabam ne suka yi su, don haka ban ga ya dace a kafa hujjar ilimi da su ba.

Sauran ma'ana guda ta era, wato ƙidayar shekaru daga wani mafari, kuma a nan kalmar Tai ita ce sakkarat. Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga rayuwa da ƙidaya biyu, tun da muna rubuta shekarar Hijira kusa da ta Miladiyya, kuma harshen Tai ma yana kiran ƙidayar Hijira da wannan kalma ta sakkarat. Longdo zai gaya wa mutum cewa phutthasakkarat ita ce ƙidayar Buda, khritsakkarat kuma ta Miladiyya, kuma sanannen abu ne cewa ana cire 543 daga ta farko a sami ta biyu, ta yadda 2568 ta zama 2025. Abin da fassarar kalma ba za ta iya ɗauka ba shi ne tarihin ƙidayar kanta, kuma a nan ne masu bincike suke yawan tuntuɓe. Har zuwa 1940 shekarar hukuma a Tailan tana farawa ne ranar 1 ga Afrilu, sai a 1941 aka mayar da ita 1 ga Janairu, abin da ya sa shekarar 2483 ta zo da wata tara kawai. Saboda haka duk kwanan watan da ya faɗo tsakanin Janairu da Maris kafin wannan canji, 542 ake cirewa. Sarki Prajadhipok ya sauka daga sarauta ranar 2 ga Maris 1935, amma takardun Tai suna cewa 2477, kuma wanda ya cire 543 zai jefa lamarin cikin 1934. Irin wannan dalili ne ya sa ake ganin kafuwar Ayutthaya wani wuri 1350, wani wuri 1351.

Ban da ƙidayar Buda akwai wasu da suka gabace ta a takardun mulki. Mahasakkarat ta fara daga shekarar 78 ta Miladiyya kuma ana ganinta a rubutun duwatsu na dā. Chulasakkarat ta fara daga 638 kuma da ita aka rubuta yawancin tarihin sarakuna. Rattanakosin Sok, wadda Sarki Chulalongkorn ya shigar a 1889, tana ƙirga daga kafuwar Bankok, kuma da ita ake kiran rikicin 1893 tsakanin Faransa da Siyam, tsohon sunan Tailan, da sunan rikicin shekara ta 112. Sarki Vajiravudh ne ya mayar da ƙidayar Buda ta hukuma a 1913. Duk waɗannan ana taƙaita su da haruffa biyu a rubutu, kuma ƙamus ɗin Tai zuwa Tai na Majalisar Masana da ke cikin Longdo ya fi ƙamusoshin Turancin bayani a kansu, sai dai sai wanda ya riga ya iya karanta Tai ne zai more shi.

Wannan shi ne babban gibin Longdo ga baƙo. An gina shi ne domin ɗan Tailan mai koyon Turanci, saboda haka sashen da ya fi muhimmanci a fanninmu yana da kai da aka rubuta da Tai, alamar fanni da Tai, shekarar ma da alƙaluman Tai, kuma mai sauri zai wuce shi bai sani ba. Ya kamata a lura cewa kalmar ธรณีวิทยา ita ce alamar ilimin duwatsu, duk fassarar da take ɗauke da ita kuma ita ce abin riƙo a wannan fanni. Volubilis ne yake kawo lafazin kalmomi da haruffan boko, wanda taimako ne babba, amma harshen Tai yana da karin sauti biyar da kuma bambancin dogon wasali da gajere, kuma Bahaushe ya san yadda waɗannan biyu suke sauya ma'ana, don haka mai son furta kalmomin daidai yana bukatar jin su daga bakin mai harshen. Haka kuma gajeriyar kalma kamar era ko age tana jawo dogon jeri na wasu kalmomi da suka ƙunshi haruffanta, sannan akwai sashen da masu amfani suke ƙara kalmomi da kansu wanda shafin ya ware waɗanda aka tantance daga waɗanda ba a tantance ba. Shafin bai jera amsoshin bisa ƙarfin hujjarsu ba, aikin tacewa yana kan mai karatu.

Ga ɗalibin tarihi ko na ilimin duwatsu da ke karanta takardun Tailan, da mai fassara, da ɗan kasuwa ko matafiyin da ya ga shekarar 2568 a jikin takarda yana son fahimta, ina ba da shawarar Longdo ba tare da wata tantama ba, da sharaɗin ya nemi kalmar ta Turanci tukuna, ya gangara zuwa sashen Majalisar Masana, sannan ya kwafi kalmar Tai da ya samu ya sake nemanta don ya ga yadda take aiki a jimla. Wanda bai fara koyon haruffan Tai ba zai tsaya ne a kan Volubilis kawai, kuma ga kwanan watan da ya gabaci 1941 dole ya duba watan kafin ya yi lissafin shekara.