Gwanjon gidajen dala 1,000 a Detroit: abin da ake saya da abin da ke biyo baya

Hotunan sun daɗe suna yawo a Facebook da TikTok: gidan jan bulo mai bene da baranda a birnin Detroit na jihar Michigan, an rubuta dala 1,000 a ƙarƙashinsa. Farashin gaskiya ne. Hukumar Detroit Land Bank Authority, wadda ke riƙe da kangaye da filayen da suka koma hannun birni, tana gwanjonsu ta intanet tun 2014, kuma tayin farko daga dala 1,000 yake tashi. A ganinmu tsarin yana da amfani ƙwarai ga wanda ke zaune a birnin, yana da kuɗin gyara a hannu, ya kuma san layin da zai saya. Ga wanda zai danna waya daga nesa kuwa, hanya ce mai sauri ta asarar dukiya.

Arahar tana da dalili. A 1950 mutanen Detroit sun kai miliyan 1.8, ƙidayar 2020 kuma ta samu 639,111. Gidajen da aka gina wa waɗancan mutane suna nan, masu biyan harajin ne suka watse. A ranar 18 ga Yuli 2013 birnin ya je kotu ya bayyana cewa ya karye, da bashin kusan dala biliyan 18 a kansa. Rahoton Kevyn Orr, wanda jiha ta naɗa ya riƙe kuɗin birnin, ya ce kimanin kashi 40 cikin 100 na fitilun titi ba sa kamawa, kashi ɗaya cikin uku na motocin ɗaukar marasa lafiya ne kawai ke aiki, 'yan sanda kan ɗauki minti 58 kafin su iso kiran gaggawa, ga kuma gine-gine kusan 78,000 da aka ƙaurace wa. Layin da fitila ta mutu, shara ta taru, makaranta ta rufe, ba mai taya gidan da ke cikinsa ko da gininsa na da ƙwari. Darajar gida a Detroit ta bi kasafin kuɗin birni ƙasa, kuma kangayen da ake gwanjo yau ragowar wancan lokacin ne.

Yadda cinikin yake ba shi da wuyar fahimta, kuma wannan yana cikin abin da muke yaba wa hukumar. Mutum zai yi rajista a shafinta, ya sa katin banki, ya taya a ranar da aka ware wa gidan. Wanda ya ci zai ajiye kashi 10 cikin 100 a matsayin kafin alƙalami cikin sa'o'i 72. Ba kowa ake sayar wa ba: sai mazaunin Michigan, ko wanda zai tare a gidan bayan gyara, ko kamfanin da ke da izinin kasuwanci a jihar. Wanda ake bin sa harajin gida a gundumar Wayne, wadda Detroit ke cikinta, ko aka taɓa ƙwace masa gida saboda haraji a shekarun nan na kusa, ko yana da tarar barin gida a wulakance da bai biya ba, an cire shi. Wannan sharaɗi kaɗai ya isa mai kallon hotunan daga Kano ko Maraɗi ya gane cewa ba shi aka buɗe wa ƙofar ba, kuma duk dillalin da ya ce zai saya masa "da sunan wani" yana jefa shi cikin cinikin da takardarsa ba za ta ɗauki sunansa ba.

Sharaɗin da ya fi kayar da mutane shi ne na gyara. Wata shida aka ba mai saye ya mayar da gidan wurin zama, wata tara idan yana unguwar da aka keɓe a matsayin ta tarihi. Ana so a ga kicin da banɗaki suna aiki, injin ɗumama gida da na ruwan zafi a kafe, wuta da ruwa a jone, tagogi da rufi a gyare, harabar kuma a share. Ana turo hotuna lokaci-lokaci don shaida cewa aiki na tafiya. Tun ranar ciniki mai saye yake sa hannu a wata takarda da ke bai wa hukumar damar karɓe gidan idan ya gaza, kuma abin da ya zuba a ciki ba ya dawowa. Hukumar kan ƙara wa'adi ga wanda aka ga yana motsi, amma wannan alfarma ce, ba a gina lissafi a kanta. Mu da muka saba mutum ya sayi fili ya yi ɗaki ɗaya bana, ya yi rufi baɗi, ya sa ƙofa idan Allah ya hore, dole mu ajiye wannan tunanin a gefe. Sharaɗin yana da tsauri, amma muna ganin daidai ne, domin maƙwabcin da ya shekara goma yana yanke ciyawar kangon da ke jikin gidansa bai cancanci a kawo masa wani mai riƙe takarda yana jiran farashi ya hau ba.

Ana buɗe gidajen gwanjo a wasu ranaku don masu sha'awa su shiga. Kada a taya gidan da ba a shiga ba, kuma a fara da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, don a can asirin gidan yake. A haska tocila a rufinsa: sau da yawa za a ga guntayen bututun jan ƙarfe a yanke, alamar ɓarayi sun riga sun kwashe. A ƙasa za a ga shaci mai kusurwa huɗu inda injin ɗumama gida ya taɓa zama. A jikin bango a nemi layin datti a miƙe, mai nuna inda ruwa ya taɓa tsayawa, domin unguwanni da yawa sun sha ambaliya a Agusta 2014 da Yuni 2021, lokacin da magudanun birni suka cika suka dawo da ƙazanta cikin gidaje. Idan bangon tushe ya yi ciki ya turo, ko ya tsage a kwance, a haƙura da gidan komai kyan fuskarsa.

Daga nan sai bututun da ke fitar da ƙazanta daga gida zuwa babbar kwata. A tsofaffin gidaje na yumɓu ne, saiwar bishiya kan fasa shi ta toshe, kuma gyaransa yana wuyan mai gida. Ana zura masa kyamara a duba kafin a kashe ko sisi a kicin. Bututun ruwan sha mai shigowa yana iya zama na dalma, wani lokaci ma an yanke shi daga titi. Gidan da aka gina kafin 1978 a ɗauka fentinsa na da dalma, wadda ke illa ga ƙwaƙwalwar yara, don haka ba a goge shi a bushe. Farin abin da aka naɗe tsofaffin bututun ɗumama da shi kan kasance asbestos, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, ba a ɓantare shi da hannu. Tsohuwar wayarin da aka ja a kan 'yan kwalaben tangaran, kamfanonin inshora da yawa ba sa karɓarta, sai an sake ta gaba ɗaya. Rufin da ya yi 'yan shekaru yana yoyo kuwa, katakon da ke ƙarƙashinsa ya riga ya ruɓe, musamman da yake ruwan kan daskare cikin hunturu ya buɗa tsagar. Idan aka haɗa rufi, wuta, famfo, ɗumama da tagogi, gyaran kango irin wannan dubban daloli goma-goma yake ci, kuma akwai waɗanda ke haura dala 100,000. Aikin wuta da na famfo da na ɗumama duk suna buƙatar izini daga sashen gine-gine na birni. Sannan kada a kafa sabon injin ɗumama a gidan da ba kowa ke kwana ba, sai an sa ƙofofin ƙarfe da ƙararrawa, in ba haka ba za a saye shi sau biyu.

Babbar matsalar da hukumar ba ta iya magancewa ita ce tazarar da ke tsakanin kuɗin gyara da darajar gida bayan gyara. Banki ba ya ba da bashin sayen gida sai mai ƙiyasi ya duba nawa aka sayar da makamantansa a kusa. A layin da cinikin baya-bayan nan duk na kangaye ne, gidan da ya ci dala 90,000 yana iya samun ƙiyasin da bai kai haka ba. Abin da ya sa ke nan a shekarun da birnin ya karye, bashin sayen gida da bankuna suka bayar a duk faɗin Detroit bai wuce 'yan ɗaruruwa a shekara ba, yawancin ciniki kuɗi hannu ake yi. Shirin hukumar na Rehabbed & Ready, inda ita ke gyara gida ta sayar a kasuwa ko da ta faɗi, an yi shi ne don a samar da cinikin da masu ƙiyasi za su kafa hujja da shi. Ga wanda ba shi da gwanintar gini, shi ya fi gwanjon aminci.

Sai haraji, wanda shi ne ya kori mutane da yawa daga waɗannan gidaje tun farko. Tsarin mulkin Michigan ya hana a ƙiyasta gida don haraji sama da rabin darajarsa ta kasuwa. Da farashi ya rushe bayan 2008, birnin bai sauke ƙiyasinsa yadda ya kamata ba, kuma binciken jaridar Detroit News na 2020 ya gano an caji masu gidaje aƙalla dala miliyan 600 fiye da ƙima tsakanin 2010 da 2016. Binciken Farfesa Bernadette Atuahene ya nuna an ƙwace kusan kadara ɗaya cikin huɗu a birnin saboda haraji tsakanin 2011 da 2015. An sake ƙiyasin birnin baki ɗaya a 2017, amma har yanzu harajin yana cikin mafi tsada a Amurka, ya kusa dala 70 kan kowace dala 1,000 ta darajar da ake caji a kanta. Gidan da aka ƙiyasta dala 80,000, ana caji a kan 40,000, wato wajen dala 2,700 a shekara. Wanda ba ya zaune a ciki za a ƙara masa dala 18 kan kowace dubu, ƙarin dala 720 ke nan. Don haka a cike takardar shaidar cewa nan ne gidan zama, a kuma kai takardar sanar da canjin mallaka cikin kwana 45. Harajin ba a kan dala 1,000 da aka biya ake lissafa shi ba, a kan ƙiyasin ofishin haraji ne, kuma idan ƙiyasin ya yi yawa ana ƙorafi a watan Fabrairu, a ɗaukaka a Maris. Wanda ya yi sake harajin ya koma hannun ma'ajin gundumar Wayne, ruwa zai hau kansa har kashi 18 cikin 100 a shekara, a shekara ta uku kuma gida ya tafi. Masu ƙaramin ƙarfi suna da shirin HOPE da ke yafe harajin duka ko wani ɓangare, amma sai an nema.

Birnin ya farfaɗo sosai tun fitarsa daga kotu a Disamba 2014. An kafa sabbin fitilun titi 65,000 zuwa ƙarshen 2016, an rushe dubban kangaye, masu zaɓe sun amince da bashin dala miliyan 250 a 2020 don ci gaba da aikin, ƙiyasin 2023 kuma ya nuna jama'a sun ƙaru karon farko tun 1957. Sai dai farfaɗowar layi-layi take. Unguwannin East English Village, inda aka fara gwanjon, da Bagley da Grandmont Rosedale suna da ƙungiyoyin unguwa masu ƙarfi waɗanda suka riƙe layukansu lokacin da birni ya kasa, har wasu unguwannin suna haɗa kuɗi su ɗauki masu sintiri. A sassan unguwar Brightmoor kuwa za a iya samun gida biyu ko uku a layi guda, sauran duk ciyawa da lambuna. Kuma aljihun birnin bai huta ba: biyan kuɗin fansho da aka ɗage na shekara goma ya dawo, tallafin dala miliyan 826 da gwamnatin tarayya ta bayar lokacin korona kuma dole a gama kashe shi zuwa ƙarshen 2026. Layin da gidajensa suka yi ƙaranci shi ke fara jin jiki duk lokacin da aka tsuke bakin aljihu.

Saboda haka kafin a taya, a je layin sau uku: da safe ranar kwasar shara, da magariba, da kuma bayan ruwan sama. A ƙirga gidajen da ke da labule da mota a ƙofa, a duba ko fitilar titi ta kama, a ga ko ruwa ya kwanta a bakin kwata. A gaisa da dattijuwar da ke zaune a barandarta a tambaye ta ko layin na da ƙungiya, da kuma wane ne ke yanke ciyawar filin da ke kusurwa. A nemi farashin inshorar gida da ta mota da ainihin adireshin, domin ta mota a Detroit tana da tsadar da kan girgiza baƙo.

Abin da muka fi yaba wa hukumar a kansa ma ba gwanjon ba ne. Tana sayar wa mai gida filin da ke jikin gidansa a kan dala 100, kuma da wannan ɗan kuɗi dubban mazauna suka mayar da jujin da ke gefensu lambu, wurin ajiye mota ko filin wasan yara. Wanda ya ci gida a gwanjo ya duba taswirar hukumar tun ranar ciniki ya ga ko filin da ke maƙwabtaka da shi yana hannunta, ya nemi shi da zarar ya cika sharaɗin gyara an sakar masa takardarsa.