Itanol, DPG, farin mai ko ruwa: da wanne za ku tsinka man turare?

Idan kuka shiga Babbar Kasuwar Sakkwato neman abin tsinka man turare, kafin ku tambayi farashi ku fara sanin wanne zai shige jikin man, wanne kuma zai rabu da shi bayan kwana ɗaya.

Sirrin yana cikin ƙwayoyin zarra. A ƙwayar ruwa, gefen oksijin da gefen haidurojin cajinsu ya bambanta, don haka ƙwayoyin suna riƙe juna gam kamar maganaɗisu. Mai ba shi da wannan bambancin caji, ba ya iya kutsawa tsakaninsu, sai ya taso sama ya yi falle.

Itanol, wato alkohol, ɗan gida biyu ne: kansa na oksijin da haidurojin yana kama ruwa, jelarsa ta kabon biyu tana kama mai. Shi ne gwanin turaren fesawa. Ku nemi mai ƙarfin kashi 95 ko 96, ku zuba mil 20 na man turare a mil 80. Idan an yi masa algus da ruwa, haɗin zai yi fari kamar an ɗiga madara, domin ƙwayoyin itanol sun koma riƙon ruwa sun saki man. A digiri 78 yake tafasa, ga zafin Afrilu da Mayu yana haura 40 a nan, don haka a toshe jarka sosai, a nisanta ta da rana da murhu. Abin da ya fi damunmu shi ne metanol, wani alkohol mai guba da ke kama da itanol. Ido ba ya bambance su, alhali yana shiga ta fata da numfashi, yana kuma iya makantarwa. Jarkar da ba rubutu a jikinta, ku bar ta komai arharta.

DPG, wato dipropylene glycol, wani sinadari mai kauri, ya fi dacewa da turaren shafawa, musamman ga masu gudun mai alkohol. Yana gauraya da ruwa da itanol, kuma sai wajen digiri 230 yake tafasa, shi ya sa ƙamshi ke daɗewa a fata. Kaurinsa ne aibinsa: a kwalbar fesawa tsirtowa yake yi.

Farin mai, wato farafin na shafawa, arha ce ke jan mutane gare shi. Ba ya haɗuwa da itanol, ba ya haɗuwa da DPG, kuma man turare da yawa tun daga kamfani an tsinka su da DPG, sai a wayi gari kwalba ta rabu gida biyu. Ga tabon maiƙo a farar shadda. In mai kuke so, IPM, wato isopropyl myristate, ya fi shi, don yana karɓar itanol kuma ba ya danƙo.

Ruwa kuwa sai da ɗan tsakani, wato sinadarin da ke haɗa mai da ruwa, irin su Polysorbate 20. A fara gauraya shi da man, ɗaya da ɗaya, a riƙa ƙara ɗan tsakanin har ninki uku ko huɗu in bai washe ba, sannan a zuba tataccen ruwa a hankali, da maganin hana lalacewa.

Kafin ku biya kuɗin lita, ku sayi kaɗan. Mil 2 na manku, mil 8 na abin tsinkawa, a kwalbar gilashi mai haske. A girgiza, a bari ya kwana, a ɗaga saitin haske a duba ko layi ya fito a tsakiya ko gurɓi ya kwanta a ƙasa.