Sharhi kan gilashin ƙara girma na waya, bayan damina ɗaya ina ɗaukar hoton naman kaza

A farkon damina na sayi wani ƙaramin gilashi a kasuwar Sabon Gari, irin wanda ake maƙalawa a kan kyamarar waya domin ya ƙara girman ƙananan abubuwa. Abin da ya sa na saye shi shi ne naman kaza da laimar kwaɗi da ke fitowa a bayan gidanmu a Samaru, a jikin suri da kan ruɓaɓɓen kututture. Mafi kyawun hotunan da na samu na watan Agusta ne, lokacin marka, da sassafe bayan an kwana ana ruwa, domin wasunsu ba sa kai azahar sai sun yanƙwane.

Inda gilashin ya biya ni kuɗina shi ne ƙarƙashin laimar. Idan na ajiye ƙaramin madubi a ƙasa, siraran layukan da ke wurin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kuma daga cikinsu ne ƙwayoyin haihuwa masu kama da ƙura suke zuba, waɗanda iska ke kwasa, domin wannan halitta ba ta yin fure balle iri. Wata rana na ɗaga ɓawon kututturen, na ɗauki hoton wasu fararen zare-zare kamar saƙar gizo-gizo. Su ne ainihin jikin halittar, laimar da muke gani kuwa tamkar 'ya'yan itace ce. Zare-zaren ba saiwa ba ne, ko da yake sun yi kama da ita. Tsiro yana haɗa abincinsa da hasken rana ta hanyar sinadarin da ke sa ganye kore, naman kaza kuwa ba shi da wannan sinadari, sai dai ya saki ruwan narkarwa a kan mataccen itace ya tsotse abin da ya narke. Bangon ƙwayoyin jikinsa ma da irin sinadarin ɓawon fara aka gina shi. Tun 1969 masanin nan ɗan Amurka, Robert Whittaker, ya ware su daga tsirrai ya haɗa su rukuni guda da funfuna da yis, kuma binciken baya-bayan nan ya nuna sun fi kusa da dabbobi.

Aibin gilashin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Dole sai an kusanto da wayar kamar faɗin yatsa biyu kafin hoto ya fito, sai inuwarta ta rufe abin, don haka nake jingina farar takarda a gefe ta dawo da haske. Tsakiyar hoton ce kaɗai ke fitowa tangaran, gefe-gefe kuwa dishi-dishi, kuma ko numfashi mutum ya ja da ƙarfi hoton ya lalace. Maƙalin kansa roba ce marar ƙwari, tana zamewa idan hannu ya jiƙe.

Wani maƙwabcina ya nemi in duba masa hoto in faɗa masa ko wanda ya tsinto ana ci, na ƙi, domin mai guba da marar guba sukan yi kama ƙwarai, a hoto ma fiye da a ido.