Gidan Gasa Kifi na Barnawa da Ba Ya Sayar da Giya Ranar Lahadi

A Barnawa, kudu da kogin Kaduna, akwai wani gidan gasa kifi wanda mai shi, bisa raɗin kansa, yake rufe sashen giya duk ranar Lahadi, kuma wannan ne ya sa magidanta da yawa daga Unguwar Rimi da Malali suke ƙetaro gada da iyalansu a wannan rana kaɗai.

Kifin ya cancanci yabo. Tarwaɗa tana nan da ranta a cikin baho, mutum ya nuna wadda ta yi masa, a yanka ta a gabansa, a shafe ta da attaruhu da citta da albasa, sannan a ɗora ta a kan gawayi har fatar ta yi ƙauri amma tsokar ba ta bushe ba. Karfasarsu ba ta kai tarwaɗar ba, domin gishiri yakan yi mata yawa. Akwai zoɓo da kunun aya masu sanyi, kuma a bayan ɗakin girki an shimfiɗa tabarmi an ajiye butoci saboda masu salla. Aibin wurin shi ne jira, domin idan aka taso daga coci jama'a suka cika shi, sai yara su gaji su fara kuka kafin faranti ya iso.

Tsarin nan na Lahadi ya raba kan masu zuwa. Wasu Kiristoci suna ganin girmama ranar ibada ne, wasu kuwa suna cewa ita ce kaɗai ranar hutun ma'aikaci, don haka sukan ci kifinsu su wuce mashayar da ke gaba. Har na ji masu cewa ya kamata gwamnati ta mayar da abin doka a faɗin jiha, kuma a nan ne ban yarda da su ba.

Amurka ta daɗe tana wannan muhawara. A 1961 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da dokokin rufe kasuwanci ranar Lahadi bisa hujjar cewa manufarsu samar wa kowa ranar hutu ce, amma daga baya jihohi suka yi ta sassautawa, inda Minnesota ta halatta wa shagunan giya buɗewa ranar Lahadi a 2017, Indiana kuma ta ɗage nata haramcin a 2018. Abin mamaki shi ne, a cikin waɗanda suka daɗe suna kare haramcin har da masu ƙananan shagunan giyar kansu, saboda buɗewa kwana bakwai ƙarin albashin ma'aikata ne, kuma suna tsoron manyan kantuna su kwashe musu ciniki.

Kaduna kuwa lamarinta daban ne. Garin da kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe masana'anta a Kakuri a 1963, kuma garin da har yau bai manta da rikicin shari'a na 2000 ba, idan majalisa ta ware Lahadi da doka, tambayar farko da za a yi ita ce ina matsayin Juma'a, kuma Musulmi ma ba zai ce haramcin giya na rana ɗaya ne kawai ba. Mai wannan gida bai jawo wa kowa wannan gardama ba, ya dai duba irin mutanen da yake so su zauna a kujerunsa, ya haƙura da ribar kwalba, ya same ta a kifi da zoɓo.

Wanda zai je da iyali ya isa kafin la'asar, ya kuma riƙe tsabar kuɗi, domin na'urar cirar kuɗinsu takan rasa sabis da yamma. Farashin ya ɗan ɗara na masu gasa kifi a bakin titi, amma babbar tarwaɗa ɗaya tana isar mutum uku.